ƘISHIRWAR ƘWALLO A KATSINA UNITED: KUKAN MAGOYA BAYA DAGA ƘANƘARA

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya zauna a majalisar samari a garin Ƙanƙara da yammacin ranar da aka buga wasannin babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya, da wuya ya tashi bai ji an ambaci Katsina United ba. In ƙungiyar ta yi nasara, hira takan yi gajarta, a yi murna, kowa ya kama gabansa. In kuwa an tashi canjaras babu ci, ko kuma an sha kashi da ci ɗaya mai ban haushi, to, ranar mai shayi zai yi ciniki, gama musu yakan kai har bayan sallar lisha. Maganar kuwa ba ta wuce tambayoyi biyu. Ta farko, me ke hana 'yan wasan gaba jefa ƙwallo a raga? Ta biyu, wane ne ke zaɓo waɗannan 'yan wasa, kuma a ina ake zaɓo su?

Mai karatu zai iya cewa wannan surutu ne kawai irin na 'yan kallo, waɗanda kowannensu ke ganin ya fi mai horarwa sanin aiki. To, amma akwai dalilin da ya sa ya kamata a saurare su. Katsina United ƙungiya ce ta gwamnatin jiha, watau da dukiyar jama'ar ƙananan hukumomi 34 ake ɗaukar nauyinta, har da mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Wanda aka kashe kuɗinsa a kan wani abu kuwa yana da hakkin ya tambayi yadda aka yi da su. Bayan haka, ga ɗimbin samari a wannan yanki waɗanda ba su da wani buri da ya wuce su sa rigar ƙungiyar jiharsu. Saboda haka amsar tambayoyin nan biyu ta shafi aljihun gwamnati, ta kuma shafi makomar yara.

TSOHON CIWO

Dattawan 'yan kallo, waɗanda suka ga jiya suka ga yau, sukan tuna wa yara cewa wannan ciwo ba sabo ba ne. An ƙirƙiro Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba, 1987, kuma ba a yi shekara 10 ba sai da ƙungiyar jihar ta yi abin da ya sa duk ƙasa ta san da zamanta. Sau uku a jere, watau a 1995 da 1996 da 1997, Katsina United ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, kofin da ya fi kowane daɗewa a ƙasar nan, wanda aka fara bugawa a 1945 da sunan Kofin Gwamna.

A 1995 Shooting Stars ta Ibadan ta doke ta da ci 2 da nema. A 1996 Julius Berger ta Ikko ta doke ta da ci 1 da nema. A 1997 kuma Eagle Cement ta Fatakwal ta maimaita mata irin wannan ci. In aka haɗa lissafi, an buga wasan ƙarshe uku, an zura mata ƙwallo 4 kacal, ita kuwa ba ta zura ko ɗaya ba. Ƙungiyar da aka ci ƙwallo 4 a manyan wasanni uku ba za a ce bayanta ya lalace ba. Abin da ta rasa shi ne mutum guda mai sanyin zuciya a gaban raga, wanda zai sami dama ɗaya ya mai da ita ci. Da an sami irinsa ko a ɗaya daga cikin ranakun nan uku, da watakila kofin ya taɓa kwana a birnin Dikko.

Bayan wannan zamani ƙungiyar ta yi sanyi, ta daɗe a ƙananan rukunai, har ta yi shekaru tana amsa sunan Spotlights. A 2016, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka mayar mata da sunanta na asali, ta kuma sami hayewa babban rukuni, inda ta fara wasa a kakar 2017 a filin wasa na Muhammadu Dikko, wanda da aka fi sani da Karkanda. A 2022 ta sake faɗowa, tare da Kano Pillars da Heartland ta Owerri da MFM ta Ikko. A 2023 ta komo tare da Pillars da Heartland da Sporting Lagos. Wannan hawa da sauka shi ne ya sa hankalin magoya baya ba ya kwanciya, ko da an fara kaka da ƙafar dama.

LISSAFIN MAKI

Don mai karatu ya gane abin da ya sa rashin cin ƙwallo ke tayar wa mutane hankali, sai mu duba lissafi. A tsarin da aka saba, ƙungiyoyi 20 ne ke babbar gasa, kowace ta buga wasa 38, rabi a gida rabi a waje, huɗun da suka zo ƙarshe kuma su sauka ƙasa. Wanda ya yi nasara yana samun maki 3, canjaras maki 1, wanda aka doke kuwa ya tashi a tutar babu. Ingila ce ta fara wannan tsari na maki 3 a 1981, hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta yi amfani da shi a gasar cin kofin duniya ta 1994, daga nan ya game ko'ina. An kawo shi ne musamman don a tilasta wa ƙungiyoyi su fita neman ci.

To, a ce wata ƙungiya ta toshe bayanta ƙam, ba wanda ya doke ta tun daga farkon kaka har ƙarshe, amma ita ma ba ta doke kowa ba. Makinta 38 ke nan. Wata kuma ta yi nasara sau 13, aka doke ta sau 25. Makinta 39. Ashe wadda ta sha kashi sau 25 tana gaba da wadda ba a taɓa dokewa ba. Wannan shi ne abin da ɗan kallo na Ƙanƙara ya fahimta ko da bai riƙe alƙalami ba: a wannan zamani canjaras ya fi kusa da faɗuwa a kan nasara.

Gaskiya ne ƙarancin ƙwallaye bai tsaya ga Katsina kaɗai ba, ciwo ne na gasar baki ɗaya. Mfon Udoh na Enyimba ya ci ƙwallo 23 a kakar 2014, aka yi ta yayata abin a matsayin bajintar da ba a taɓa gani ba a gasar. A Ingila kuwa, Erling Haaland na Manchester City ya ci 36 a kakar 2022 zuwa 2023, a gasa mai yawan wasanni iri ɗaya. Samarin da ke cika gidajen kallon ƙwallo na Ƙanƙara da Funtuwa suna ganin irin wannan a talabijin kowane mako, don haka ba abin mamaki ba ne in sun juyo ga ƙungiyar gida ransu ya ɓaci.

Dalilan suna da yawa. Akwai tafiya: daga Katsina zuwa Fatakwal ko Uyo ya haura kilomita 1,000, kuma galibi a mota ake yin ta, ɗan wasa ya isa ƙafafunsa sun yi nauyi. Akwai tsohuwar al'adar nan ta gasar Nijeriya, inda baƙo kan shiga fili da niyyar kare kansa kawai, a tara mutum tara a baya a bar ɗan gaba guda yana gadin iska. Akwai filayen da ba su da laushi, waɗanda ke sa a daina miƙa ƙwallo a ƙasa a koma ɗaga ta sama, a ce wa ɗan gaba ya bi. Amma magoya baya sun fi ɗora laifin a kan abu guda, watau yadda ake ɗaukar 'yan wasa.

YADDA AKE ƊAUKAR 'YAN WASA

Ga yadda abin yake a yawancin ƙungiyoyin gwamnatocin jihohi. Kaka na ƙarewa sai a sallami 'yan wasa da dama, wani lokaci har da mai horarwa. Kuɗin shiri ba ya fitowa da wuri, sai ya rage 'yan makonni a koma fili sannan a buɗe sansanin tantancewa. Nan 'yan wasa za su yi dafifi daga kowace kusurwa, wasu dillalai ne suka kawo su, wasu sabon mai horarwa ne ya taho da su daga inda ya baro, wasu kuma da takardar wani babba suka zo. A cikin 'yan kwanaki za a duba su a zaɓi na zaɓa, a ba su kwantaragin shekara ɗaya. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma a harkar ƙwallonmu kusan kullum ranar ake fafe ta.

Tun daga 2017 masu horarwa da dama sun riƙe Katsina United, cikinsu har da Abdullahi Biffo da Henry Makinwa da Usman Abdallah da Tony Bolus, kuma dukkansu sanannu ne a wannan sana'a. Sai dai kowane mai horarwa da irin salon da yake so da irin 'yan wasan da ya yarda da su. Cin ƙwallo kuwa aiki ne na sabo. Ɗan tsakiya sai ya san inda ɗan gaba zai ruga tun kafin ya ruga, ɗan gefe sai ya san ko abokinsa ya fi son ƙwallo a ka ko a ƙafa. Wannan sani ba ya samuwa a mako uku. Ana iya haɗa 'yan baya cikin gaggawa a koya musu tsayuwa a layi, amma 'yan gaba sai sun daɗe tare. In aka rushe gini kowace shekara, gaban ne ke fara nuna alama.

Koke-koken da ake ji a majalisu sun kasu uku. Wasu na cewa ana ɗauko waɗanda ƙarfinsu ya riga ya ƙare a wasu ƙungiyoyi, saboda sunan da suka yi a da. Wasu na cewa in an dace da yaro mai ƙafa, kafin a more shi wata ƙungiya mai kuɗi ta ɗauke, tun da kwantaraginsa gajere ne. Na uku, wanda ya fi zafi a nan kudancin jihar, shi ne cewa masu neman 'yan wasa ba sa zuwa ƙauye, idonsu na kan birni da kuma wasu jihohi.

A Amurka an daɗe da gano cewa zaɓen sababbin 'yan wasa shi ne ke gina ƙungiya ko ya rushe ta. A gasarsu ta NFL, ta wani irin ƙwallo mai kama da zari-ruga, tun 1936 suka kafa tsarin zaɓen bi-da-bi. Kowace shekara akan jera samarin da suka yi fice a wasannin jami'o'i, ƙungiyoyi 32 su yi ta zaɓa ɗaya bayan ɗaya har zagaye 7, kuma wadda ta zo ta ƙarshe a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓa, don mai rauni ya sami abin tashi. Ana yin zaɓen a bainar jama'a, kowa ya san wanda aka ɗauka da wanda aka tsallake, in zaɓen ya ɓaci kuma an san wanda za a tuhuma. Ba a yin haka a ƙwallon ƙafa irin namu, kuma ba lalle ne ya dace da mu ba. Amma akwai darasi biyu a ciki. Kafin ranar zaɓe an shafe shekaru ana bin sawun kowane yaro tun daga makaranta, an rubuta ƙwazonsa da rauninsa. Sa'an nan ba a yin abin a ɓoye.

MAI CIN ƘWALLO RAINONSA AKE YI

Tarihin ƙwallon ƙafa a Arewa ya nuna cewa ƙasar nan ba ta rasa masu cin ƙwallo ba. Marigayi Rashidi Yekini, wanda aka haifa a Kaduna, a ƙungiyar masaƙar UNTL ta Kaduna ya fara. Shi ne ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka a 1993, ya ci wa Nijeriya ƙwallonta na farko a gasar cin kofin duniya a wasa da Bulgeriya a 1994, ya kuma bar wa ƙasa ƙwallaye 37. Daniel Amokachi daga Ranchers Bees ta Kaduna ya tashi. Ahmed Musa bai cika shekara 18 ba sa'ad da ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, daga nan ya wuce ƙasar Holan. Jude Aneke ya ci 20 a Kaduna United a 2011, Junior Lokosa kuma ya ci wa Pillars 19 a 2018, alhali ma ba a kammala gasar wannan shekara ba. Yekini da Amokachi da Musa duk suna ƙanana aka gan su, aka yarda da su, aka sa su a fili tun sunansu bai kai ko'ina ba.

A waje ma haka abin yake. Ƙungiyar ASEC Mimosas ta birnin Abijan ta buɗe makarantar rainon yara a farkon shekarun 1990. A 1999 ta fito da waɗannan yara suka kara da Esperance ta Tunisiya a wasan zakaran zakarun Afirka, suka doke ta da ci 3 da 1. Daga wannan makaranta Kolo Toure da ƙanensa Yaya da Salomon Kalou suka fito. A ƙasar Sifen akwai Athletic Bilbao, wadda fiye da shekara 100 ke nan ba ta ɗaukar ɗan wasa sai wanda aka haifa ko aka raina a yankin Bask, kuma ta ci kofin sarkin ƙasar a 2024. A nan gida, Remo Stars ta garin Ikenne a Jihar Ogun, wadda ke da makarantar yara mai suna Beyond Limits, ita ta ci gasar Nijeriya a 2025.

Raino kuma yana da riba ta kuɗi, abin da ya kamata ma'aikatan da ke tsara kasafi su lura da shi. A dokar FIFA, duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantaragi, akan ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi tun daga shekara 12 zuwa 23. Sa'ad da Napoli ta Italiya ta sayi Victor Osimhen daga Lille ta Faransa a 2020 a kan kimanin Yuro miliyan 70, kashi 5 ɗin nan ya kama Yuro miliyan uku da rabi. Ƙungiyar da ke sayen tsofaffi kowace shekara ba ta da rabo a irin wannan kuɗi har abada. Wadda ta yi rajistar yaro tun yana ɗan shekara 13 kuwa, ko ya bar ta, arzikinsa na biyo ta.

TSANIN DA YA KARYE

A nan ne maganar ta komo Ƙanƙara. A da akwai tsani da yaro ke bi: daga filin unguwa zuwa gasar makarantun firamare, daga nan zuwa ta sakandare, zuwa ƙungiyar ƙaramar hukuma, zuwa ta shiyya, har ya kai ga idon masu zaɓe na jiha. Malamin wasanni na makaranta shi ne matakin farko, domin shi ke fara gane yaron da ƙafarsa ta bambanta da ta sauran. Katsina kuwa ba baƙuwar wasannin makaranta ba ce. Tun a Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920, wasanni na cikin tarbiyyar ɗalibai, kuma sarakunan Katsina, Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo, su ne suka ɗaukaka wasan folo a ƙasar nan.

Wannan tsani ya sami karaya a yankin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kuma kowa ya san dalili. A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka afka wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kwashe ɗalibai fiye da 300, waɗanda aka sako bayan kwana shida. Bayan haka aka rufe makarantun kwana na wani lokaci. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na jihar, cikinsu har da waɗannan uku. A irin wannan hali ba uban da zai yarda ɗansa ya hau mota ya tafi buga wasa wani ƙauye, ba kuma mai neman 'yan wasa da zai baro birni ya zo kallon yara a filin makaranta. Yaron da ke da shekara 12 a 2020, shekarun da ya kamata a ce ana koya masa tsayar da ƙwallo da bugu da ƙafa biyu, a cikin wannan zullumi suka wuce.

Hatta zuwa kallo ya zama aiki. Daga Ƙanƙara zuwa Katsina ta hanyar 'Yantumaki da Dutsin-Ma ya fi kilomita 100. Wasannin gasa kuwa galibi da ƙarfe huɗu na yamma ake fara su, a tashi dab da magariba. Mai goyon bayan da ya je dole ya kwana a birni ko ya yi kasadar tafiyar dare. Saboda haka da yawa sun haƙura, sai dai su bi wasa ta rediyo ko ta wayar hannu. Duk da haka ba su bar ƙungiyar ba, kuma har yanzu in la'asar ta yi sanyi za ka ga yara sun kafa duwatsu biyu a fili suna buga tamaula, wasu da takalmi wasu ƙafa a ƙasa. Wanda ke ganin waɗannan yara kullum, sa'an nan ya ji an tafi wata jiha mai nisa an ɗauko ɗan gaban da zai yi wata biyu bai ci ƙwallo ba, dole abin ya sosa masa rai.

Sai dai a faɗi gaskiya, ba kowane gwanin unguwa ne zai iya wasan babbar gasa ba. Tsakanin filin ƙauye da filin Muhammadu Dikko akwai tazara mai yawa ta ƙarfin jiki da horo da abinci da ladabi. Wanda ya ce a kori baƙi a cika ƙungiya da 'yan gida gobe da safe, ya nemi a koma ƙaramin rukuni ne. Ɗan Nijeriya kuma ko daga ina ya fito yana da 'yancin neman abinci a Katsina, kamar yadda ɗan Katsina ke da shi a Aba ko Ibadan. Abin da mutanen yankin nan ke nema shi ne a zo a duba, a gwada, gama sai an gwada akan san na ƙwarai.

IN ƁERA DA SATA

Su ma 'yan kallo suna da nasu laifin. Ɗan wasan gaba da ya san in ya zubar da dama ɗaya za a bi shi da zagi har masaukinsa, ba zai yi ƙarfin halin bugawa ba, sai ya miƙa wa wani don laifin ya bar kansa. Mai horarwa da ya san wasa uku ba nasara na nufin kora, ba zai sa yaro ɗan shekara 18 ba, sai ya nemi tsohon hannu. Ta haka gaggawar magoya baya ke haifar da abin nan da suke kuka da shi.

Fushin da ya wuce baki ya koma jifa kuwa asara ce tsantsa. A watan Afrilu na 2022 an tashi wasan Kano Pillars da Katsina United a filin Sani Abacha da ke Kano ba a gama ba, saboda 'yan kallo sun kutsa fili, aka kuma farfasa motar baƙi. Hukumar gasa ta ci Pillars tara, ta zabge mata maki. A ƙarshen wannan kaka ƙungiyoyin biyu suka faɗi tare. Ita ma Katsina United an sha cin ta tara saboda abin da wasu magoya bayanta suka aikata a gida. Kuɗin tara daga baitulmali yake fita, kuma kuɗi ne da zai iya sayen ƙwallaye da riguna ga makarantu masu yawa.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Da farko, ya kamata ƙungiyar ta sami ƙwararren jami'i na dindindin mai kula da ɗaukar 'yan wasa, wanda ba ya tafiya in mai horarwa ya tafi, kuma a ƙarshen kowace kaka ya bayyana wa hukumar wasanni wanda aka ɗauka, da nawa, da abin da ya yi. Na biyu, a naɗa wakili a kowace shiyya, Katsina da Daura da Funtuwa, daga cikin malaman wasanni da tsofaffin 'yan ƙwallo, su riƙa rubuta sunayen yaran da suka yi fice. Inda hanya ba ta da aminci, sai a ɗauko yaran zuwa Funtuwa ko Malumfashi da rana tsaka a gwada su a can.

Na uku, shugabannin ƙananan hukumomi da sakatarorin ilmi su farfaɗo da gasar makarantu, a kuma riƙa ajiye takardun haihuwa na gaskiya, don ƙaryar shekaru ita ce ke sa a yi ta wahala a kan wanda ya riga ya gama girma. Na huɗu, duk yaron da aka ga alamar alheri a tare da shi a ba shi kwantaragi na shekara uku ko fiye, a biya shi a kan kari, a kuma tabbata bai bar karatu ba. Na biyar, a ware mai horarwa na musamman ga 'yan gaba, kamar yadda ake ware wa masu tsaron gida, domin bugun raga sana'a ce da ake koyo da maimaici. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ɗalibai da ke karanta wannan shafi, musamman na yankin Funtuwa, su sani cewa ƙwallo sana'a ce mai gajeren zango, wadda rauni guda kan iya kawo ƙarshenta, don haka littafi da takalmin ƙwallo tare ake riƙe su. Ma'aikatan da fayil ɗin wasanni ke bi ta teburinsu kuma su tuna cewa filin da ya tara samari 22 da ɗaruruwan 'yan kallo da yamma yana rage yawan waɗanda zaman banza zai kai ga hanyar ɓata.

Kusan shekara 30 ke nan tun daga wasan ƙarshe na 1997, mutanen Katsina na jiran wanda zai ci musu ƙwallon da ya gagara sau uku. Mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna roƙon a zo a duba ko yana cikin 'ya'yansu. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa masu ruwa da tsaki su ji.